Matacin kunun zaƙi na sayarwa: wanne ya cancanci kuɗinki?

Duk mai dama kunun zaƙi daga kwano biyu zuwa sama ta san inda aikin yake cin rai. Jiƙa gero ba wuya, markaɗe kuwa aikin inji ne. Tata ce ke tsugunar da mace awa guda cur, hannu cikin ƙullu, ƙudaje na zagaye, zafin Afrilu kuma na sa kunun ya fara juyawa tun ba a kai ga ɗura shi a gora ba. Shi ya sa kafin azumi ko lokacin bukukuwa ya kamata a zauna a yi shawarar abin tata da kyau, don shi ne kayan aikin da ke taɓa kowane ɗigo da mai saye zai sha.

Abin da muke ba da shawara a saya shi ne kwandon raga na sitenles, mai ramuka maikiron 300, wanda aka haɗa da walda. Sauran za mu taɓo su, amma yawancin bayanin a kansa zai tsaya.

Tukuna a fahimci lambobin da ake rubutawa a kwali. Maikiron shi ne milimita ɗaya an raba ta gida dubu, shi ke nuna faɗin rami. Lambar meshi kuma tana nuna ramuka nawa ne a tsawon inci ɗaya, saboda haka idan lambar ta hau, ramin ya ƙanƙance. Meshi 40 kusan maikiron 400 ne, meshi 50 kusan 300, meshi 60 kuwa 250, meshi 100 wajen 150. Ga kunun gero ko dawa da aka markaɗa a injin unguwa, 400 na barin ƙananan dusa ta wuce, mai sha ya ji tsaki-tsaki a maƙogwaro. 150 kuma yana toshewa kafin a juye bokiti na biyu. A 300 ne ruwan ke sauka da sauri, dusar citta da kanumfari da bayan gero su tsaya.

Asalin irin wannan kwando masu dafa giyar sha'ir a gida a ƙasashen waje aka ƙera wa, su zuba hatsin a ciki, su nutsa shi a tukunya, in ya gama jiƙa su ɗaga ya tsane. Mu ba giya ta kai mu ba, amma aikin tatar iri ɗaya ne: raba ruwan hatsi mai zaƙi da dusarsa. Kwando mai faɗin santimita 30 da tsayin 30 yana ɗaukar lita 21. Mai 35 da 35 yana kai wa lita 33. Kwano biyu na gero, wato kusan kilo 5, yana ba da kunu lita 30 zuwa 35 gwargwadon kaurin da ake so, kuma ƙaramin ya ishe shi idan aka juye sau biyu. A auna bakin tukunya ko robar da za a tace a ciki kafin a fita kasuwa. Ya kamata a sami tazarar yatsu biyu tsakanin kwandon da jikin tukunya ta kowane gefe, domin ta gefe ne yawancin ruwan ke fita, ƙasan yakan cushe da wuri. A nemi mai ƙafafu uku ko huɗu masu tsawon santimita 3 zuwa 5, da mariƙi mai ƙarfi, da ƙugiyar rataya a bakin tukunya. Kwandon da ya cika da ƙullu yana wuce kilo 20, siririn mariƙi ba zai ɗauke shi sau da yawa ba.

Akwai wani siriri mai kama da bututu, faɗinsa santimita 15, tsayinsa 35, lita 6 kacal yake ci. Wannan na kayan ƙamshi ne ko zoɓo, a rataya shi cikin tukunya ana tafasawa. Kada a saye shi da niyyar tace ƙullu.

Ƙyallen tata na gargajiya yana fitar da kunu mai laushi, ba mai musun haka, amma yana shan tsami a zarensa, kuma matsa shi da hannu ke sa kunun ya yi saurin lalacewa. Rariyar roba mai mariƙi ta kofi biyu ce a gida. Rariyar katako ta tankaɗen gari ce, ruwa na kumbura katakon, ƙusoshin su yi tsatsa. Jakar tata ta nailan ko foliyesta mai maikiron 150 ita ce kawai ta cancanci a ajiye a gefe, don tata ta biyu ga mai son kunu sumul ko mai yin kunun aya. Tana jure ruwan zafi, sai dai a duba ɗinkinta ya zama biyu, kuma a juya ta ɗinkin ya koma waje lokacin aiki.

Su kuwa tukwanen lantarki masu famfo a jiki, irin Grainfather da BrewZilla, kada kyan hotonsu a waya ya ruɗi kowa. Farantin tatar da ke ƙasansu ramukansa sun wuce milimita ɗaya, an yi shi ne don ɓarzajjen sha'ir mai ɓawo, wanda ɓawon da kansa ke zama matata. Gero ba shi da wannan ɓawon bayan sussuka, ƙullunmu kuma markaɗaɗɗe ne. Zai zube ta ramukan, ya toshe famfon, ya kama a gindin tukunya ya ƙone. Ga jan wuta wat 2000 ko fiye, a garin da kowa ya san halin wutarsa.

Yadda ake aiki da kwandon ma yana da ƙa'ida, domin yawancin masu cewa "ba ya tata" tun daga damu suka yi kuskure. Idan aka raba ƙullu biyu, aka sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa, sai ya yi kauri kamar koko. Wannan kaurin ba ragar da zai ratsa. Tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira, ko ɗanyen dankalin Hausa da ke cikin ƙaramin kason su ne ke tsinka shi su mayar da shi zaƙi, kuma sun fi aiki idan zafin yana tsakanin digiri 60 zuwa 70. Aka zuba su yana tururin tafasa, zafin ya kashe ƙarfinsu, kunun ya kwana da kaurinsa. Aka bari ya huce sarai, aikin ya yi nawa, tsami ya riga zaƙi zuwa. Ƙaramin ma'aunin zafi na kicin yana raba wannan gardama. In babu, a bar shi ya sha iska har hannu ya iya taɓa jikin robar na ɗan lokaci ba tare da an janye da sauri ba. Da safe a ɗebo da ludayi a zubo: in ya zuba kamar madara, ya isa tata. Mai amfani da tsiron dawa kuma ta murje saiwoyin da kan tsiron bayan ya bushe ta sheƙe su, domin a nan dafin dawa yake taruwa.

A ɗora kwandon cikin roba mai tsabta, a juye ƙullun zuwa kashi biyu cikin uku na tsayinsa. Kada a danna da ludayi ko tafin hannu. Dannawa ke cusa dusa cikin ramuka ta liƙe su. A riƙa ɗaga kwandon ana nutsa shi cikin ruwan da ya riga ya sauka, ana juya ƙullun da muciya a tsakiya ba tare da kankare ragar ba. Idan ya rage dusa mai damshi, a rataya shi, a yayyafa lita 4 zuwa 5 na ruwan da aka tafasa ya huce, kaɗan-kaɗan, a bar shi minti goma ya tsane. Wannan ruwan ɗaurayar yana cikin lissafin lita 30 ɗin, kada a ƙara shi daga baya kunun ya tsinke. Masu yin ruwan tsiro garai-garai daga ɓarzajjen hatsi za su iya haɗa buntun shinkafa giram 250 a kilo 5 don ruwan ya sami hanya, bayan an wanke buntun sau uku an tsoma shi a tafasasshen ruwa, saboda ƙasa da ƙurar injin casa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne ya fi kamata a buɗe ido. Kalmar sitenles a bakin mai shago ba ta nufin komai sai an san lambar ƙarfen. Wanda ya dace da abinci mai tsami shi ne 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. Akwai 201 mai ƙarancin nikel, a ido ba a bambance su, sabo fil yana sheƙi kamar madubi, amma kunu da tsamiya da zoɓo duk masu tsami ne, kuma siririyar wayar raga ba ta da naman da za ta jure. Sai a ga ɗigo-ɗigon ja sun fito a mahaɗar wayoyi, daga nan waya ta tsinke, guntunta ya bi kunu. Guntun waya a cikin gorar da yaro zai sha ba ƙaramin abu ba ne.

Gwajin maganaɗisu da ake yawan faɗa bai isa ba. In ya manne da ƙarfi, a ajiye kayan a tafi, baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa sheƙi ko sitenles mai lamba 430. Amma rashin mannewa ba ya tabbatar da 304, don shi ma 201 ba ya kamawa sosai, kuma 304 na gaskiya yakan ɗan kama maganaɗisu kaɗan a inda aka lanƙwasa shi. Akwai ruwan gwaji a ƙaramar kwalba da masu harkar ƙarfe ke amfani da shi, ana ɗiga shi a jiki, 201 ya koma ja. Wadda za ta sayi kwando fiye da ɗaya, kuɗin kwalbar ba asara ba ne. In ba a samu ba, a yi ciniki da sharaɗi a gaban shaida: "Alhaji, zan gwada shi kwana uku, in ya nuna ja zan dawo maka da abinka." A gida a jiƙa tsumma da ruwan lemon tsami da gishiri, a ɗora a kan mahaɗar ragar, a riƙa sake jiƙa shi. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wannan sharaɗin.

Lambar ramin ma ana ƙarya a kanta. A tafi da rula, a ɗora a kan ragar, a ɗauki hoto da waya a faɗaɗa, a ƙirga ramukan da ke cikin santimita ɗaya. Meshi 50 zai ba da kusan 20, meshi 40 kusan 16, meshi 60 kusan 24. In an ƙirga 7 ko 8, ragar taga ce aka naɗa.

Ragar taga ita ce babbar musiba a wurin masu ba maƙera aiki. Ba laifi ba ne a sayi raga a kai wa mai walda a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano ya haɗa kwando daidai bakin tukunyarki, sau da yawa ma ya fi na kwali dacewa. Amma ki sayo ragar da kanki, ki tsaya a yanka a gabanki. Ragar taga ta ƙarfe an shafe ta da zin, irin na kwanon rufi, tsami kuma yana narkar da shi cikin abin sha ya jawo amai da ciwon ciki. Ta roba-roba kuma zaren gilashi ce da aka lulluɓe, ba a yi ta don abinci ba. Sannan ki tambayi da me zai haɗa. In ya ɗauko dalma da ƙarfen liƙi irin na masu gyaran bokiti, ki karɓi ragarki. Dalma guba ce da ke taruwa a jiki, ta fi yi wa ƙananan yara da masu ciki illa, kuma mutanen Arewa ba su manta da yaran da gubarta ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Waldar agon da sandar sitenles ake so, ko waldar ɗigo-ɗigo ta lantarki. Waldar ƙofa da sandar baƙin ƙarfe za ta ƙone ragar, kuma layin zai yi tsatsa a makon farko ko da ragar 304 ce.

Gidan sauro kuwa kada ma a kawo shi kusa. Wanda ake rabawa a asibiti da maganin ƙwari a cikin zarensa, wanki ba ya fitar da shi duka, don dama an yi shi ne ya jure wanki. Haka buhun taki ko na siminti da aka wanke.

A duba mahaɗa fiye da komai. A shafa yatsa a hankali a layin da ragar ta haɗu da zoben sama da na ƙasa. Wayar da ta tsaya tsaye za ta soki hannu yau, gobe ta karye. Inda aka naɗe bakin ƙarfe a kan ragar aka matse kawai, akwai kogo a ciki da burushi ba ya shiga. Ƙullu na maƙalewa a nan ya ruɓe, kowane sabon kunu ya ɗauki tsami daga na jiya, mai shi tana zargin gero ko ruwan ɗan garuwa. A ɗaga kwandon a hasken rana a leƙa: ramukan su zama daidai ko'ina, ba inda ya buɗe, ba inda aka ja ya karkace. A danna gindin da tafin hannu, in ya lotsa ya ƙi dawowa, yana buƙatar sanduna biyu a gicciye daga ƙasa.

Wanki nan take ake yi, kafin sitacin ya bushe ya zama kamar gam. A kife kwandon, a watsa ruwa daga waje zuwa ciki don dusar ta koma ta inda ta shigo, a bi da burushin roba da sabulun wanke-wanke. Soson ƙarfe na barin ƙananan baƙin ƙarfe a jiki su yi tsatsa, sai a ɗauka kwandon ne jabu. Ruwan bilic kuma yana cin sitenles ko da 304 ne, kada a jiƙa shi a ciki. Sau ɗaya a mako a nutsa shi minti 20 a ruwan zafi lita 10 da cokali huɗu na bekin soda, a ɗauraye, a shanya a rana, a rataye shi inda ƙurar hunturu ba ta kai wa. Ranar aiki a sheƙa masa tafasasshen ruwa kafin ƙullu ya taɓa shi.