Kai dutsen zinariya ɗakin gwaji: abin da hidimar ke yi da inda take gazawa

Wanda ya ɗauki neman zinariya abin sha'awa, ba sana'a ba, yakan tara buhu biyu ko uku na farin dutse mai jijiyoyin tsatsa, sannan ya shiga cigiyar inda za a niƙe masa a fitar da abin da ke ciki. Hidimomi uku ne mutane ke cuɗawa a nan, alhali kowacce da aikinta: ɗakin gwaji mai auna yawan zinariyar da ke cikin dutse, injin niƙa mai karɓar kayan mutane a kan lada, da matata mai tace ƙarfe. A cikin ukun, ɗakin gwaji ne kaɗai ke maraba da mai kilo biyar, kuma shi ne kuɗinsa ba ya tafiya a banza, muddin an san abin da za a nema a wurinsa.

Gwajin wuta shi ne abin dogaro, kuma tsarinsa kusan ɗaya ne a duk ɗakin gwaji na kirki. Za a busar da samfurin a zafin da bai wuce digiri 105 ba, a farfasa shi har mafi yawansa ya bi ta rariya mai ramin milimita 2. Daga nan a raba, a ɗebi kamar gram 250 a niƙe shi lilis, har kashi 85 cikin ɗari ya wuce rariyar maikron 75 (maikron dubu ne milimita ɗaya). A cikin wannan gari ake auna gram 30, wani lokaci 50, a gauraya da garin dalma mai iskar oksijin, da soda, da boras, da farin yashi, da ɗan fulawa. Ana narka haɗin a kaskon yumɓu a zafin digiri 1,050 zuwa 1,100 na kusan awa guda. Fulawar ce ke mayar da garin dalmar ya koma ƙarfe. Ɗigon dalmar yana gangarawa ƙasan kasko yana kwashe zinariya da azurfa, dattin dutse kuma ya taso sama ya daskare kamar gilashi. Sai a ɗora dunƙulen dalmar a wani ƙaramin kasko na tokar ƙashi ko magnisiya, a zafin kusan digiri 950, kaskon ya shanye dalmar ya bar ƙwaya ƙarama. Ita ake narkarwa a asid a karanta da na'ura, ko a cire azurfarta da asid ɗin naitirik a auna sauran a sikeli.

Abin yabo a nan shi ne wuta ba ta barin komai a ɓoye. Zinariyar da ke kulle cikin dutse, wadda ido ba ya gani, farantin wankin zinariya ba ya kamawa, duk tana fitowa a lissafi. Sakamakon yana zuwa da gram a kowane tan, kuma na'urar tana iya gano kashi ɗaya cikin ɗari na gram a tan. Sai dai kada mai kaya ya sa ran za a maido masa da zinariyarsa. Lamba ya saya, ƙwayar kuwa ta ƙare a asid.

Raunin hidimar yana cikin gram 30 ɗin nan. Zinariya tana da nauyin ruwa sau 19.3, ba ta kuma niƙuwa kamar dutse, sai dai ta baje. Ƙwaya ɗaya mai kaurin rabin milimita nauyinta ya kai kusan miligram 1.3. Idan ta faɗa cikin gram 30 ɗin da aka ɗiba, takarda za ta nuna kimanin gram 42 a tan; idan ta tsaya a sauran garin, takarda ta nuna kusan babu komai. Dutse ɗaya, ɗaki ɗaya, sakamako biyu da ba su san juna ba, kuma babu wanda ya yi kuskure. Duk dutsen da ake ganin ƙyallin zinariya a jikinsa, gwajin gram 30 bai ishe shi ba. Abin nema shi ne gwajin rariya: a niƙe kilo guda cur, a tankaɗe a rariyar maikron 100 ko 106, a narka duk abin da ya tsaya a sama, a gwada na ƙasa sau biyu, sannan a haɗa lissafi. Ya fi tsada, amma a irin wannan dutse shi kaɗai ne lambarsa ke da ma'ana. Ɗakunan gwaji ba sa yinsa sai an nema, kuma ma'aikatan karɓar kaya ba kasafai suke ba da shawarar ba. Wannan gazawa ce tasu.

Mafi yawan ɓarnar kuwa daga mai kaya take. Ya zaɓi dutsen da ya fi kyau a cikin tulin, ya aika, lamba ta fito babba, ya ninka ta da nauyin tudu gaba ɗaya. Samfurin gaskiya ana sassaƙo shi ne a layi ɗaya, daga wannan gefen jijiyar dutsen zuwa wancan, mai kyau da marar kyau, kilo biyu zuwa uku, kowane wuri a jakarsa da lambarsa. Idan tulin da aka riga aka fasa ne, a cakuɗa, a raba huɗu, a ɗauki biyun da ke fuskantar juna, a maimaita har ya rage abin aikawa.

Akwai abubuwan da dole a faɗa wa ɗakin tun farko. Dutse mai yawan farar wuta, irin mai ƙyallin rawaya da ake ɗauka zinariya ce, yana buƙatar a canja haɗin narkarwa, in ba haka ba dunƙulen dalmar ya yi girma fiye da kima ko wani ɓangaren zinariyar ya maƙale a datti. Tagulla mai yawa ita ma tana hana dalma rabuwa da ƙwayar yadda ya kamata. Haka baƙin yashin da aka tattara a faranti: a rubuta cewa tataccen kaya ne, domin karatun na'ura yawanci yana tsayawa a gram 10 a tan, abin da ya haura sai an koma awon sikeli. Kaya mai arziki kuma yana shafa zinariya a jikin kwanon niƙa, ta bi samfurin da ke biye. Ɗaki mai kula yakan niƙa dutse marar komai a tsakani, kuma ana iya neman a yi hakan.

Gwajin da ake jiƙa gari a haɗin asid biyu ya fi araha, amma ba ya kaiwa ga zinariyar da ke kulle cikin farin dutse, saboda haka lambarsa takan gaza ta gaskiya. Na'urar hannun nan mai haska dutse ta ba da lamba nan take kuwa tana da kyau wajen gano tagulla, dalma da arsenik. A kan zinariyar gram kaɗan a tan ba abin dogaro ba ce, don arsenik da zink da tungistin suna rikita mata karatu. Duk wanda ya ce dutsen yana cike da filatinom amma gwajin wuta ba zai iya gani ba, sai nasa sirrin, a riƙe aljihu. Ɗaki na gaskiya yana da shaidar ISO 17025, wato takardar ingancin ɗakunan gwaji ta duniya, kuma ba ya jin nauyin nuna sakamakon samfuran da yake sakawa don duba kansa.

Batun injin niƙa na lada gajere ne. Bokiti mai kilo 20 na dutsen gram 10 a tan, wanda a wurin masu haƙa dutse ne mai kyau ƙwarai, zinariyar cikinsa gram 0.2 ce, ita ma ba duka za ta fito ba. Injin da aka gina don tan-tan na kaya ba zai tsaya a wanke shi saboda buhu uku ba, in kuma an zuba kayan tare da na wasu, babu yadda za a tantance rabon kowa sai da gwajin da aka yi kafin zubawa. Shi ya sa yawancinsu ko amsa ba sa bayarwa. Matata ma ba ta karɓar dutse. Ƙarfe take so: garin zinariyar rafi ko dunƙulen da aka narka. Za ta sake narkawa, ta ɗebi samfur, ta biya bisa tsarkin da ta samu bayan cire ladanta. Nauyi yana raguwa a wuta don yashi da tsatsa sun fita, kuma zinariyar ƙasa kullum tana tafe da azurfa. A tambayi mafi ƙarancin nauyin da suke karɓa da takardun da suke nema na asalin kaya kafin a aika. Kayan da zaiba ta taɓa kuwa ko a ƙi su ko a ci tararsu.

Tsakanin ɗakin gwaji da matata, aikin na mai sha'awa ne da hannunsa: ya fasa, ya niƙa da ruwa, ya tankaɗe, ya wanke a faranti ko teburin girgiza, ya janye baƙin yashi da maganaɗisu, ya narka abin da ya rage da boras sama da digiri 1,064, zafin da zinariya ke narkewa. Niƙan busasshe yana tayar da ƙurar da ke kashe huhu sannu a hankali, in kuma dutsen na da dalma ko arsenik, ƙurar guba ce ga duk wanda ke wurin, musamman yara. Don haka yana da kyau a ƙara gwajin sauran sinadarai a kan na zinariya tun aikawar farko. Zaiba da sayanayid, gubobin da ake fitar da zinariya da su, ba kayan gida ba ne; mai son sanin ko sayanayid zai fitar da zinariyar dutsensa, ɗakin gwaji yana da gwajin kwalba na kwana ɗaya zuwa uku don wannan.

A takardar miƙa kaya, a nemi a maido da ragowar dutsen da ragowar garin, don ajiyarsu a can ta ɗan lokaci ce, daga baya a zubar ko a fara cajin kuɗin ajiya. Idan lamba ta fito babba, wannan ragowar ake rabawa a aika wani ɗakin daban da sabuwar lamba, ba tare da an gaya masa abin da na farko ya samu ba.