Ɗaurin Aure Ba Taro A Kan Duwatsun Ƙasar Waje: Inda Ya Fi Sauƙi Da Inda Za A Sha Wuya

Masu son a ɗaura musu aure nesa da hayaniya, daga su sai shaidu sai mai ɗaukar hoto, yawanci hoto ne ke zaɓar musu wuri. Sun ga tsauni da tafki a waya, ransu ya biya, shi ke nan. Ni kuwa shawarata ku fara da takarda. Kowace ƙasa da dokarta kan wanda ke da ikon ɗaura aure, da inda za a ɗaura, da kwanakin da za a jira. Wannan ne zai nuna ko za ku dawo da takardar aure a hannu, ko kuwa hotuna kaɗai.

Hanya biyu ce. Ko dai a ɗaura auren can bisa dokar ƙasar, ko a kammala komai a gida, rajista da sharuɗɗan addini, iyaye suna nan sun sa albarka, sannan ku biyu ku hau dutsen ku yi wa juna alkawari a ɗauki hoto. Ta biyun ta fi kwanciyar hankali, kuma a wasu wuraren ma ita kaɗai ce mafita. Ɗauki Faransa: wanda ya ƙwallafa rai a kan Chamonix da ke gindin Mont Blanc ya sani cewa auren da doka ta sani a ofishin magajin gari ake yin sa, kuma sai ɗaya daga cikin ma'auratan ko iyayensa na da zama na aƙalla wata guda a garin. Baƙon mako ɗaya ba shi da wannan.

Idan kun dage sai an ɗaura a kan dutsen, a fili, iska na kaɗawa, to Sikotilan ce ta farko a wurina. Ba a neman ku zauna a ƙasar. Limami ko fasto ko duk wanda hukuma ta ba izini zai iya ɗaura muku a kwarin Glencoe ko tsibirin Skye, da shaidu biyu masu shekara 16 zuwa sama. Kowannenku zai cike fom ɗin sanarwa mai suna M10, ya isa ofishin rajista aƙalla kwana 29 kafin ranar, amma kada ya wuce wata 3. Ɗayanku zai je da ƙafarsa ya karɓo takardar da za a sa wa hannu, a mayar da ita cikin kwana 3 bayan ɗaurin. Da baƙar tawada mai ɗorewa ake sa hannun, don haka ku tabbata mai ɗaurawa ya zo da alƙalamin da ya dace, da abin dorawa, da ledar da za ta kare takardar daga jiƙewa. Kada kuma ku shiga da bizar yawon buɗe ido. Birtaniya, wadda Sikotilan ke cikinta, na da biza ta musamman ga mai zuwa yin aure.

Aibin Sikotilan yanayinta ne. Ruwan sama a yammacin ƙasar ba ya sallama, hazo kan rufe dutsen da kuka biya kuɗi don gani, sannan a Yuli da Agusta wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo kan yi wa mutum caa da zarar iska ta tsaya. Mayu ko ƙarshen Satumba sun fi. A Disamba hasken rana kusan awa 7 ne kawai.

Jojiya, wadda ke tsaunukan Caucasus, ita ce ta masu son sauri da rangwame. Fasfo da aka fassara zuwa harshen ƙasar aka tabbatar a wurin lauya, da shaidu biyu, ana iya gama rajista a Tbilisi, babban birnin ƙasar, cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga nan tafiyar kusan awa 3 ce a mota zuwa Kazbegi, inda tsohuwar majami'ar Gergeti ta ƙarni na 14 ke zaune a tsayin kusan mita 2,170, tsaunin Kazbek mai sama da mita 5,000 na bayanta. Masauki da abinci da direba duk sun fi na Yammacin Turai araha nesa ba kusa ba. Sai dai hanyar tana ratsa mashigin Jvari, wanda dusar ƙanƙara kan sa a rufe a hunturu, kuma manyan motocin kaya masu zuwa iyakar Rasha kan yi jerin gwano a kanta. Majami'ar kuma wurin ibada ce har yau, a mutunta masu ita.

Duwatsun Dolomites na Italiya kuwa, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2009, babu na biyunsu wajen kyau, ba na musu. Amma auren hukuma a can sai a ofishin ƙaramar hukuma ko wurin da ta amince da shi, sai takardar shaidar cewa babu abin da ya hana ku aure daga hukumomin ƙasarku, sai tafinta idan ba kwa jin harshen. Ga cunkoso. Tafkin Braies da duwatsun Tre Cime di Lavaredo da kuke gani fayau a hoto, da asuba aka ɗauke su, kafin motocin masu yawon buɗe ido su iso. Hanyar mota zuwa Tre Cime ta kuɗi ce, kuma daga wajen Yuni zuwa Oktoba take buɗe. A nan ku ɗaura a gida, ku zo da shirin tashi ƙarfe 4 na dare.

Niyu Zilan mai sauƙin doka ce: lasisi na fitowa bayan kwanakin aiki 3, yana aiki wata 3, kuma a Queenstown jirgi mai saukar ungulu zai ɗora ku a kan tsauni cikin 'yan mintuna. Nisa da kuɗin jirgi ne matsalarta, ga lokutanta a juye, zafinsu Disamba zuwa Fabrairu. Jihar Kolarado ta Amurka ta fi kowa sassauci, don doka ta yarda mutum biyu su sa hannu da kansu ba mai ɗaurawa ba shaidu, lasisin na kwana 35. Wanda addininsa ya shardanta waliyyi da shaidu ya san wannan takardar gwamnati ce kurum. Tsayin wuraren ma abin lura ne. Daga mita 2,500 jiki kan fara jin ƙarancin iska, ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, kuma yawancin wuraren da ake so a Kolarado sun haura haka. Ku isa da kwana biyu ko uku kafin ranar, jiki ya saba.

Saura tambayar ko ku ɗauki mai shiryawa ko ku yi da kanku. A wuri mai nisa na fi son mai ɗaukar hoto ɗan yankin wanda ke haɗawa da shiryawa, domin shi ya san hanyar da ta rufe da lungun da babu jama'a, ya san gandun da sai da izini. Kafin ku biya kafin alƙalami ku tambaye shi a rubuce: idan ruwa ya hana, akwai rana ta biyu kyauta? Idan jirgi mai saukar ungulu bai tashi ba, nawa ake mayarwa? Kuɗin izinin wuri da na shaidu na ciki? Minti nawa ake takawa daga inda mota ta tsaya? Wannan ta ƙarshen ita ce amarya za ta fi gode muku a kanta. Doguwar riga a jakar goyo take tafiya, takalmin hawan dutse a ƙafa, rigar sanyi a sama, sai an isa a canza a bayan bargon da wani ya riƙe. Mayafi kuma a kafe shi da fil sosai, iskar tsauni ba ta da kunya. Inshorar tafiyarku ma ku duba ko ta haɗa da ceto daga kan dutse, da yawa ba su haɗa ba.

Idan can aka ɗaura, kada ku baro ƙasar ba ku san yadda takardar za ta karɓu a gida ba. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 hatimin tantancewa guda da ake kira apostille ya ishe su. Waɗanda ba su shiga ba sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci, kuma bin wannan ta waya daga wata nahiya kan ci watanni. Ku nemi kwafi biyu ko uku na asali tun kuna can, tare da fassarar da hukuma ta amince da ita.