Oksijin ta hanci ko bututu: wanne ya fi a tiyatar maƙogwaro da lesa?

Sista, kin ce an nuna muku a kwas yadda ake yi wa mutum tiyatar maƙogwaro ba a zura masa bututun numfashi ba, sai 'yar robar nan mai baki biyu a hanci tana kwararo oksijin, kina kuma son sanin ko hakan ya fi bututu idan da lesa, wato tsinin hasken nan mai yanka nama da ƙuna, za a yi aikin. Wajen ba likitan tiyata fili, ta hanci ta fi bututu nesa ba kusa ba. Amma da likita ya taka fedar kunna lesa, lissafi ya canza. Bari in ajiye miki su kusa da juna ki gani.

Tushen matsalar shi ne mu masu sa barci da likitan maƙogwaro ƙofa ɗaya muke rabawa. Shi yana son ya ga igiyoyin murya ƙarara, mu kuma ta tsakaninsu iskarmu ke wucewa. Tun da Strong da Jako suka fara aikin maƙogwaro da lesa a Boston a farkon shekarun 1970 ake wannan ja-in-ja.

Bututu dai kin san shi. Akwai wanda aka ƙera don lesa, irin Laser-Flex mai jikin ƙarfe da balan-balan biyu. Ba iska ake hura wa balan-balan ɗin ba, ruwan gishiri ake cika su da shi, wasu su ɗiga shuɗin magani a ciki, don in lesa ta huda na sama likita ya ga shuɗi ya kwararo ya tsaya. A kan kuma jera jiƙaƙƙiyar auduga a kansa. Da bututu numfashi yana hannunki: ke kike hura huhu, kina ganin kabon-dayoksaid a allo numfashi bayan numfashi, jini da abin ciki ba sa gangarawa huhu cikin sauƙi, aiki ya kai awa biyu ma ba ruwanki. Aibinsa biyu ne. Yana kwanciya a bayan maƙogwaro ya rufe kusurwar baya, in can ciwon yake sai likita ya yi ta ture shi. Sannan ko wanda aka ƙera don lesa ba ya hana wuta ɗari bisa ɗari, balan-balan ɗin roba ne.

Ita kuwa ta hanci, wadda ake kira THRIVE, Anil Patel da Reza Nouraei ne suka fito da ita fili a Landan a 2015. Na'urar, mafi yawa Optiflow ta kamfanin Fisher & Paykel, tana ɗumama oksijin ta ba shi laima, sannan ta tura har lita 70 a minti ta hanci. Majiyyaci yana barci, an ba shi maganin sakin tsoka, ƙirjinsa ko motsi ba ya yi, amma jininsa na cike da oksijin. Dalili shi ne jini yana zuƙe kimanin mililita 250 na oksijin daga huhu kowane minti, alhali kabon-dayoksaid ɗin da ke fitowa ya maye gurbin kaɗan ne ƙwarai, don yawancinsa yana narkewa a jini. Wannan giɓi shi ke janyo iska daga maƙogwaro zuwa ƙasa. Muddin hanya a buɗe take, abin da ke bakinta kuma oksijin ne zalla, to shi zai yi ta shiga. A cikin mutum 25 na rahoton farko, matsakaicin lokacin da aka yi ba numfashi minti 14 ne, mafi tsawo minti 65, kuma ba wanda oksijinsa ya sauka ƙasa da kashi 90.

In kin leƙa ta madubin ƙara girma za ki gane abin da ya sa likitocin maƙogwaro ke sonta: igiyoyin murya biyu farare, a tsaye cik, ba abin da ya gitta, ba abin da ke kaɗa su.

Sai dai oksijin ne ke shiga, kabon-dayoksaid ba ya fita yadda ya kamata. Rahoton Landan ya ce yana hawa kilofaskal 0.15 a minti (kilofaskal ma'aunin matsin iska ne). Na asibitin Karolinska a Suwidin, a 2017, da aka auna a jinin jijiya, ya samu 0.24. Daga baya masu bincike a Bern ta Suwizalan suka gwada gudun iska iri-iri, ba su ga cewa ƙara gudun yana rage taruwarsa ba. Shi ya sa ni nake ɗaukarta hanyar sayen lokaci kawai, wajen minti 20 zuwa 30, ba madadin numfashi ba. Kuma allon ba zai nuna miki hawan ba tunda ba numfashin da za a auna, sai da na'urar fata ko a ɗebi jini. Maganin barci na shaƙa ma ba ya yiwuwa, komai ta jijiya ne, maganin barcin nan firofofol da abokan tafiyarsa a famfo.

Yanzu ga inda tambayarki ta fi nauyi. Wuta tana buƙatar abu uku: abin kunnawa, abin ci, da oksijin. Lesa ce abin kunnawa. Masu goyon bayan hanyar hanci suna cewa sun cire bututu, sun cire makamashi. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Busasshiyar auduga tana ci, ƙonannen nama yana ci, gemu da gashin baki da zanen da aka rufe fuska da shi duk suna ci. Abin da ba ya kamawa a iskar ɗaki mai kashi 21, a oksijin zalla tashi yake yi kamar an fifita garwashi. An ma rubuta rahoto a Landan a 2017 na wuta da ta tashi a bakin majiyyaci ana wannan hanya, ba ma da lesa ba, da na'urar ƙona jijiya ta lantarki.

Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce oksijin kada ya wuce kashi 30 lokacin da lesa ke aiki, kuma ba a haɗa shi da naitiros, iskar sa barcin nan da ita ma ke rura wuta. Da bututu wannan abu ne mai sauƙi: ki rage, ki zuba wa allo ido har abin da ke fitowa ya sauka, sannan ki ce wa likita bismillah. Da ta hanci kuwa sai an sami na'urar gauraya oksijin da iska, kuma ko kin rage ba ki da ma'aunin da zai gaya miki abin da ke zaune a bakin igiyoyin murya a daidai lokacin. Ga kuma babban cikas: da kin sauke zuwa 30, abin da ke gangarawa huhu yawancinsa naitirojin ne, shi kuma jini ba ya zuƙe shi. Dabarar da ta riƙe majiyyaci minti 20 ta raunana ke nan, sai ki ga lambar oksijin da ake aunawa a yatsa ta fara zamewa. Masu yin haka sukan yi ta kai-komo ne: a cika da oksijin, a rage, a jira, a yi lesa na ɗan lokaci, likita ya ɗaga ƙafa, a sake cikawa. Yana yiwuwa, amma sai ƙungiyar da ta saba da juna, wadda ake faɗin "lesa a kashe" da babbar murya kafin hannu ya taɓa oksijin. Wasu kuma, kamar ƙungiyar Birisben ta Ostareliya, sun fi son a bar majiyyaci yana numfashi da kansa a ƙarƙashin maganin jijiya, wanda ke rage matsalar kabon-dayoksaid, amma igiyoyin murya ba sa tsayawa cik.

Akwai hanya ta uku, feshin iska da ƙarfi ta siririyar allura ko bututu, tun daga dabarar Sanders ta 1967. Tana ba da fili, tana fitar da kabon-dayoksaid, amma in iskar ta shiga ba ta sami mafita ba huhu na iya fashewa, kuma tana busar da maƙogwaro.

Wa ya dace da wacce? Siririn baligi mai lafiyar huhu, ɗan ƙari a igiyar murya da za a cire da almakashi cikin minti 15, ta hanci nake zaɓa masa ba tantama. Mai ƙiba sosai, mai ƙwannafi ko cikakken ciki, ƙari mai zubar jini, mai ciwon huhu ko hawan jinin jijiyar huhu, ko wanda ya bugu a kai, bututu. Ƙananan yara masu tsiron nan da ke dawowa a maƙogwaro, na ƙwayar cutar da ake kira HPV, nau'i na 6 da na 11, suna ƙona oksijin da sauri kuma ajiyar huhunsu kaɗan ce, lokacinsu gajere ne ƙwarai. In aikin lesa ne mai tsawo, ni bututun lesa nake zaɓa da kashi 30, in ya tare wa likita wani lungu a zare shi na ɗan lokaci a mayar.

Kafin ku rubuta takardar neman na'urar, ki yi wannan lissafi da mai kula da oksijin na asibitinku. Lita 70 a minti, rabin awa lita 2,100 ke nan. Ƙaramar silindar da ke rataye a jikin injin sa barci ba ta kai lita 700 ba, ko minti 10 ba za ta yi ba. Injin tace oksijin na gefen gado lita 5 ko 10 yake bayarwa, bai ma shiga zancen ba. In ba ku da oksijin na bango mai tabbas, da na'urar gaurayawa, da famfon maganin jijiya, ku fara da sayen bututun lesa.