Ƙaiƙayin yaronki da kumburin hannun ƙanwarki ba ciwo ɗaya ba ne

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba su lafiya.

Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ɗanta mai shekara 4 yana fama da ƙaiƙayi tun yana goye, a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, kuma da hunturu ya kama sai abin ya tashi. Ita kuma ƙanwarta an yi mata baƙin lalle a wani biki, bayan kwana biyu hannun ya kumbura ya feso da ƙuraje masu ruwa. Mai kemis ya ce duk alaji ne, ya ba su man shafawa iri ɗaya. Tana son sanin ko ciwo ɗaya ne, kuma ko yaron ne ya shafa wa ƙanwar.

Babu wanda ya shafa wa wani, don dukansu biyun ba a ɗaukarsu. Yadda kika siffanta, na yaron ya yi kama da abin da likitoci ke kira ekzima, na ƙanwarki kuma alajin taɓawa ne. Akwai maganin da ya haɗa su, don haka mai kemis bai kauce gaba ɗaya ba. Sai dai ɗaya ana rabuwa da shi idan an gano abin da ya jawo shi, ɗayan kuwa lallaɓa shi ake yi shekara da shekaru.

Ekzima daga jikin fatar take. Saman fatar mutum kamar yaɓen katanga ne, yana riƙe damshi a ciki, yana tare ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta a waje. Mai ekzima yaɓensa a tsattsage yake: damshi na fita, fata ta bushe, abin da bai kamata ya shiga ba ya shiga, jiki ya harzuƙa. Sai ƙaiƙayi, sai susa, susar ta ƙara yaga fatar, ƙaiƙayin ya ƙaru. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dandi da ke Sikotilan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar halittar da ke samar da wani sinadarin fata mai suna filagrin na cikin manyan dalilan ciwon. Wannan tawayar ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata kamar yadda take a Turawa, amma gadon yana nan ta wasu hanyoyin. Ki bincika a danginki da na babansa, da wuya ki rasa mai asma, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido idan ƙura ta tashi, ko wanda ya yi irin wannan fatar yana ƙarami.

Alajin taɓawa kuwa ba a haihuwar mutum da shi, jiki ne ke koya. Mace za ta iya shekaru tana amfani da abu lafiya lau, rana ɗaya garkuwar jikinta ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, daga nan kuma ba ta mantawa. Shi ya sa “ai na saba yi ban taɓa ganin komai ba” ba hujja ba ce. Jan lalle na ganye da wuya ya yi wa mutum haka. Baƙin ne matsalar, saboda yawanci ana zuba masa PPD, sinadarin rinin gashi, don ya yi baƙi wuluk kuma ya kama da wuri. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a ɗora shi a kan fata ba. Sauran masu laifin kin san su: ƙarfen nikel da ke cikin 'yan kunne da sarƙoƙi masu araha da kan bel da bayan agogo, turare da humra, siminti a hannun magina, da takalmin roba.

Lokaci shi ne abu na farko da ke raba su. Na yaronki ya daɗe, yana lafawa yana dawowa, yana bin yanayi: busasshiyar iskar hunturu, ko gumin bazara. Na ƙanwarki yana da ranar da ya fara, kuma ya makara da kwana 1 zuwa 3 bayan taɓa abin. Wannan jinkirin ne ke ruɗa mutane har su ɗora laifin a kan abincin da aka ci a wurin bikin. Akwai na uku da ake cakuɗawa da su, wato borin jini: shi cikin mintuna yake fitowa, rudu-rudu, bayan an sha wani magani ko an ci wani abu ko ƙwaro ya yi harbi, kuma kowane tudu yakan ɓace kafin awa 24 ba tare da ya bar tabo ba, ko da wani ya fito a wani wajen. Abin da ya kwana uku a wuri ɗaya yana ɓarewa ba borin jini ba ne.

Abu na biyu da ke raba su shi ne wurin da ya fito. Alajin taɓawa yakan tsaya daidai inda abin ya taɓa. Ki duba hannun ƙanwarki da kyau, za ki ga kumburin ya bi zanen fulawar ne layi-layi, tsakanin zanen kuma fata lafiyarta ƙalau. Mai alajin nikel za ki ga nasa a fatar kunne, ko zagaye ƙarƙashin cibiya inda maɓallin wando ke gogawa. Ekzima ba ta da wannan iyakar, kuma tana son ɓangarorin jiki biyu a tare: hannun dama da na hagu, bayan gwiwa biyu, wuya. A jarirai kumatu take fara kamawa, kuma abin mamaki, wurin da kunzugu ya rufe yakan tsira, saboda damshin da ke wajen. Hotunan intanet za su nuna miki fata ja jawur, amma a tamu fatar ba haka take fitowa ba. Wurin yakan yi duhu ne ko toka-toka, da ƙananan ƙuraje a gindin gashi, kuma idan susa ta daɗe sai fatar ta yi kauri, layukanta su fito ɓaro-ɓaro.

A wajen magani, na ƙanwarki ya fi sauƙin bayani. Ta daina baƙin lalle har abada, a ba ta man siteroid (man shafawa mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi) mai ɗan ƙarfi na kwanaki, kada ta fasa ƙurajen. Yawanci cikin mako 2 zuwa 4 yake lafawa, sai dai tabon zanen, baƙi ko fari, zai iya ɗaukar watanni. Ki kuma ja mata kunne a kan rinin gashi, domin PPD ɗin ne dai a cikin yawancinsu, kuma wanda jikinsa ya riga ya koya, idan ya rina kai fuska da ido na iya kumbura sosai. Wanda bai san abin da ke tayar masa da nasa ba, likitan fata na da gwajin da ake manna sinadarai a gadon baya na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Na yaron ne ke son haƙuri, kuma rabin aikin ba a kemis yake ba. Shafa mai shi ne ginshiƙi: basilin fari marar ƙamshi, ko man kaɗe mai kyau wanda ba a haɗa da turare ba. Ba ɗan lakuce za a yi ba. A Birtaniya ƙa'idar da ake ba likitoci ita ce yaro mai ekzima ya samu giram 250 zuwa 500 na mai a mako, a shafe jiki duka, sau biyu ko fiye a rana, har a ranakun da fatar ta yi kyau. Lokacin da ya fi shi ne da an fito daga wanka, a ɗan dadanna jikin da tawul, a shafa tun fatar na da danshi. Wankan ya zama da ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti 5 zuwa 10, ba ruwan zafin da muke tafasa wa yara da sanyin asuba ba. A ajiye soso. A ajiye sabulun magani da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti, don wannan ba ciwon ƙazanta ba ne, kuma yawan dirza ƙara shi yake yi. A yanke masa farce, a sa masa rigar auduga a ƙarƙashin rigar sanyi. Man zaitun ma, duk da yadda muke ji da shi, wani ƙaramin bincike da aka yi a Shefil ta Ingila aka wallafa a 2013 ya nuna yana raunana saman fata idan ana shafa shi kullum. Ni dai ba zan zaɓe shi ga yaro mai ekzima ba.

Idan ciwon ya tashi, mai kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da siteroid. A nan iyaye sun kasu biyu, masu tsoronsa har su bar yaro yana kwana susa, da masu shafa shi kamar man gashi, kuma duk biyun cutarwa ce. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne: haidirokotizon kashi 1 cikin 100 mai sauƙi ne, shi ake sa wa fuska da ƙananan yara, betametazon ya fi shi, kilobetasol kuwa yana cikin mafiya ƙarfi, bai kamata ya taɓa yaro ba sai da umarnin likita. Ma'aunin shi ne a matso daga kan ɗan yatsan manuni na babba zuwa gaɓar farko, wannan ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu. A shafa a inda ciwon yake kawai, sau ɗaya ko biyu a rana, mako 1 zuwa 2, a tsaya.

Ki ɗauko kwalin da mai kemis ya ba ku ki karanta. Idan irin mai haɗi ukun nan ne, siteroid mai ƙarfi da maganin fangas da neomaisin mai kashe ƙwayoyin cuta, to kada ki ci gaba da sa wa yaron. Ana son su ne saboda ƙaiƙayi na tsayawa cikin kwana biyu, fata kuma ta yi haske, har wasu iyaye mata na zuba su a cikin man jarirai. Bayan watanni sai fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, jijiyoyi su bayyana, kuma a jikin jariri maganin na ratsawa ya shiga jini. Shi kansa neomaisin sanannen mai jawo alajin taɓawa ne. Haka kuma idan ashe makero ne ko ƙyasbi, waɗanda fangas ke kawowa, ko ƙazuwa wadda za ki ga gida duka ana susa da dare, siteroid ɓoye su yake yi su ƙara yaɗuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin a bar likita ya ga fatar da idonsa.

Ƙwayoyin alaji irin su setirizin da loratadin aikinsu a kan borin jini ne, a nan suna yi sosai. A ekzima ba su cika kashe ƙaiƙayin ba. Piriton ma barcin da yake sawa ne ke ɗan taimakawa da dare.

Sai batun abinci, don na san an riga an ce ki hana shi ƙwai da kifi da gyaɗa da madara. Gaskiya ne wasu yara masu ekzima mai tsanani suna da alajin abinci, amma alamarsa a fili take: ya ci, cikin mintuna zuwa awa biyu leɓe ya kumbura, ko borin jini ya fito, ko ya yi amai. Idan yana cin ƙwai bai taɓa yin haka ba, hana shi ba zai gyara bayan gwiwarsa ba, sai dai ya rage masa abin gina jiki. Yara da yawa kuma abin na yi musu sauƙi sosai kafin su balaga.

Abubuwa uku ne ba a jira da su. Idan wurin ya fara tsiyayar ruwa yana yin ɓawo ruwan ɗorawa, ƙwayar cuta ta shiga, yana buƙatar magani daban. Idan ƙananan ƙuraje masu zafi iri ɗaya suka feso a kan ekzimar tare da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuma, ko shi ko ita, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, wannan ba na kemis ba ne, allurar adirenalin ake buƙata nan take a sashen gaggawa.