Taylor, Jackson ko Bradley: abin da ya kamata a auna kafin a raɗa wa jariri

Iyayen da ke sha'awar sa wa ɗansu sunan Turanci, musamman mazauna Ingila da Amurka, sukan tarar cewa sunaye da yawa masu daɗin ji asalinsu sunayen dangi ne, waɗanda suka fara bin zuriya a Ingila bayan mamayar Normandawa, mutanen arewacin Faransa, ta shekarar 1066, suka kuma kafu sosai wajen shekarar 1400. Kafin a yanke shawara, yana da kyau a san daga inda kowanne ya samo tushe.

A ganina, sunayen sana'a ne suka fi cancanta a fara dubawa, domin ma'anarsu a fili take kuma babu abin kunya a cikinta. Taylor na nufin maɗinki, ya samo asali daga tsohon Faransanci, kuma tushensa ɗaya da kalmar tela da muke amfani da ita kullum, saboda haka kaka ba za ta sha wahalar kiransa ba. Mason shi ne magini mai aiki da dutse, Carter mai dakon kaya a amalanke, Hunter kuwa maharbi. Wanda ya saba jin ana kiran mutum Maƙeri ko Wanzami zai gane wannan tsari nan take.

Sunaye masu ƙarewa da "son" su ne suke buƙatar natsuwa, domin, ban da irin su Mason, wannan gaɓa tana nufin ɗa namiji. Jackson ɗan Jack ne, Nelson ɗan Neil, wato yaro zai tashi yana amsa sunan da ke jingina shi ga wani uban da ba nasa ba, abin da ba kowane gida ne zai yarda da shi ba. Madison ma haka yake, duk da cewa tun bayan 1984 ya zama sunan 'yan mata a Amurka. Idan don karrama Nelson Mandela ake so, wannan dalili ne mai ƙarfi, ko da yake shi kansa malamarsa ce ta sa masa sunan a makaranta, na gida kuwa Rolihlahla ne.

Sunayen wurare sun fi sauƙin sha'ani: Bradley fili ne mai faɗi a cikin daji, Lincoln kuma birni ne a gabashin Ingila. Ba su da aibi, sai dai ma'anar tasu ba ta faɗin komai game da fatan da iyaye suke yi wa yaron, shi ya sa nake ajiye su a bayan na sana'a.