Bini-da-zugu ko tsohon man suya: wanne zai rage kuɗin gas?

Alhaji, barka da ƙoƙari. Tambayar da ka kawo zauren nan ita ce: injin casar shinkafarka yana shan lita 20 ta gas (wato dizal) a rana, kuɗin mai ya cinye riba, kuma ka ji ana yin dizal daga man tsirrai. Wani ya ce ka shuka bini-da-zugu a gonarka mai hekta 5, wani kuma ya ce ka riƙa tara tsohon man suya daga otal-otal. Kana so ka san wanne ya fi araha.

Kafin mu yi nisa, sauran 'yan'uwa su lura: wannan mai na injin gas ne kaɗai. Injin ban-ruwa na fadama da ƙaramin janareton gida masu shan fetur ba ruwansu da shi, wanda ya zuba musu zai lalata kayansa.

Yadda ake haɗin ɗaya ne, ko da wane mai aka fara. Ana ɗumama man zuwa kusan digiri 55, a narkar da soda irin ta masu sabulu a cikin mitanol (wani sinadari mai kama da ruwa, dangin sifirit), a zuba a yi ta juyawa kamar awa ɗaya, sannan a bar shi ya kwanta. Kowace lita ta mai tana buƙatar kusan mililita 200 na mitanol, da soda wajen giram 3.5 idan man sabo ne mai tsabta. Bayan ya kwanta, wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin zai taru a ƙasa, kusan kashi 10 cikin 100, dizal ya tsaya a sama. Sai a wanke shi da ruwa, a busar. Lita ɗaya ta mai tana ba da abin da ya kusa lita ɗaya ta dizal. Haɗin ba shi ne wahalar ba. A masana'antun da ke wannan aiki, kashi 70 zuwa 80 na kuɗin da ake kashewa yana tafiya ne wajen sayen ɗanyen man. Don haka ainihin tambayarka ita ce, a cikin biyun nan wanne zai kawo maka lita 6,000 a shekara, tunda abin da injinka ke sha ke nan idan ya yi aikin kwana 300.

Mu fara da bini-da-zugu, don shi ne ya fi yaudarar mutane. Kowa ya san shi a matsayin shinge, awaki ba sa ci, ka yanki reshe ka soka a ƙasa ya kama. Ƙwayarsa tana da mai kashi 30 zuwa 40 cikin 100, amma injin matsa ba ya fitar da shi duka, a aikace kilo 4 zuwa 5 ne ke ba da lita ɗaya. Lita 6,000 ke nan tan 24 na ƙwaya, a lissafi mafi sauƙi. Wajen shekarun 2005 zuwa 2008, lokacin da farashin ɗanyen mai ya yi ta hawa, an yi ta tallata cewa hekta guda za ta ba da tan 5 ko fiye, a ƙasar da ba ta da taki kuma ba ruwa. Da aka shuka, sai aka ga a irin wannan ƙasa da ƙyar ake samun tan 1, a wurare da yawa ma ba a kai ba. Itacen yana jure fari, wannan gaskiya ne, sai dai jurewar ta tsaya ga kada ya mutu. Idan ana so ya yi 'ya'ya sosai, yana son ruwa da taki kamar kowace shuka. A kan tan 1, gonarka ta hekta 5 za ta ba ka lita 1,250 in an yi sa'a, aikin wata biyu da 'yan kwanaki, kuma sai ka jira shekara 3 zuwa 5 kafin itacen ya kai ƙarfinsa. A duk tsawon lokacin nan ba dawa, ba wake, ba gyaɗa daga gonar.

Ga kuma aikin hannu. 'Ya'yansa ba sa nuna tare, a reshe ɗaya za ka ga kore da rawaya da busasshe, sai an riƙa komawa ana tsinka, kuma lokacin ya faɗo daidai da kaka, sa'ad da kowa ke kan hatsinsa. Tunkuzar da ta rage bayan matsa tana da guba, ba a ba dabba, sai dai a yi taki da ita. Wannan babbar asara ce idan ka tuna cewa mai matsar gyaɗa ko waken suya rabin cinikinsa a tunkuza yake.

Ba mu ne za mu fara gwadawa ba. A 2003 Indiya ta tsara shuka shi a hekta sama da miliyan 11, da burin kashi 20 cikin 100 na dizal ɗin ƙasar ya zama na tsirrai zuwa 2012. Shekarar ta zo ba a kai ko kashi 1 ba. A Tanzaniya kamfanin Sun Biofuels ya karɓi dubban hektoci na ƙasar ƙauyuka a gundumar Kisarawe, ya durƙushe a 2011, mutane suka rasa gona suka rasa aiki. A arewacin Gana ma wani kamfanin Norway ya buɗe gona a yankin Yendi, bai yi nisa ba. Najeriya ta fitar da tata manufar man tsirrai a 2007, ta sa bini-da-zugu cikin amfanin da za a dogara da su, har yau kuwa ba gidan man da za ka je ka sayi wannan dizal. Abin da ya fi ɓata mini rai a labaran nan shi ne, kamfani kan tattara ya tafi, manomin da ya ba da gonarsa shi ake bari da itacen da ba ya ciyuwa kuma ba mai saye.

To, sai tsohon man suya. A takarda ya fi ta kowace fuska: ba gona, ba jiran shekaru, ba a taɓa abincin kowa, kuma yau ka samu gobe ka haɗa. A Turai da Amurka ya zama babbar haja, har daga Sin da Malesiya ake loda shi a jirgin ruwa ana kai musu. Indiya ma, bayan bini-da-zugu ya ba ta kunya, nan ta juya. A 2018 hukumar kula da abinci ta ƙasar ta sa iyaka kan yadda za a maimaita suya da mai, ta kuma buɗe shirin da ake kira RUCO don a riƙa karɓar man daga manyan gidajen abinci ana kai wa masu yin dizal.

Matsalarsa a wurinmu ita ce samu. Mai ƙosai da mai awara da mai soya kifi ba sa zubar da mai, ƙari suke yi a kai har ya ƙare. Wanda ya fito daga otal kuwa yana da masu saye tun tuni, su tace shi su mai da shi kasuwa ko su kai wa masu sabulu. Wato ba kyauta za ka samu ba, za ka yi takara ne da wanda ke sayensa da farashin abinci. Inda yake taruwa da yawa su ne manyan otal, gidajen cin abinci na zamani, da masana'antun da ke soya taliya ko cincin, waɗannan kuwa a Legas da Abuja da Kano da Kaduna suke. Kai kana buƙatar lita 120 a kowane mako, ba fashi. Idan garinku ƙarami ne, kuɗin babur na zagayen tarawa kaɗai zai iya cinye bambancin.

Akwai kuma alherin da ban so a manta ba. Man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi yana cutar da mai ci. Duk jarkar da ta shiga injinka, jarka ce da ba ta koma kaskon da yaranmu ke sayen abinci ba. Wannan kaɗai ya sa nake son wannan hanya ta yi ƙarfi a biranenmu.

Wajen haɗi, tsohon mai ya fi rigima. Yana zuwa da ruwa da ɓurɓushin abinci da gishiri, sai an tace an dafa ruwan ya fita. Yawan suya yana ƙara masa tsami, kuma tsamin kowace jarka daban, don haka dole a auna kafin a san sodar da za a ƙara a kan giram 3.5 ɗin nan. Wanda ya zuba da ka zai wayi gari da durom cike da sabulu mai kauri. Idan tsamin ya yi yawa, sai an fara bi da shi ta ruwan asid irin na batir kafin soda, aiki ya zama hawa biyu. Man bini-da-zugu da aka matse daga sabuwar ƙwaya ya fi sauƙin hali, amma shi ma idan ƙwayar ta daɗe a ajiye cikin danshi haka zai yi tsami. Sannan yawancin man suyar da ke kasuwanninmu daga kwakwar manja aka tace shi, dizal ɗinsa kuwa yana fara daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, abin da kan faru da asubahin hunturu. A wannan fannin na bini-da-zugu ya fi shi.

Mitanol ya shafi duka biyun. Mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma kashi ɗaya cikin biyar na yawan man da za ka haɗa ne. Guba ne mai makantarwa, yana shiga ta numfashi da ta fata, yana kama wuta da harshen da ba a cika gani da rana ba. Ba a yin wannan aiki a ɗaki rufe, ba a yi kusa da murhu, ba a bar yara kusa. Don Allah duk wanda zai gwada ya riƙe wannan.

A nan ne bini-da-zugu yake da wata ƙofa: ana iya ƙona shi ɗanye ba tare da mitanol ba. Tsofaffin injina masu tafiya a hankali, irin Lista mai silinda ɗaya da ake niƙa da shi, suna shan man da aka tace da kyau. Akan tayar da gas, in inji ya yi zafi a juya zuwa man, a kuma koma gas kafin a kashe. A Mali an yi wannan tun shekarun 1980 da 1990 a injinan niƙa na ƙauyuka, daga ƙwayar shingen gonaki, mata kuma suna yin sabulu da man. Ƙiyasin can ya nuna mita ɗaya ta shinge ba ta cika ba da kilo 1 a shekara ba, don haka shinge mai tsawon kilomita ɗaya lita 200 ne ko ƙasa da haka. Kaɗan ne, amma bai ci gonar kowa ba, kuma ya tsare amfani daga dabbobi. Ko a Malin, da aka so faɗaɗa abin a garin Garalo, inda aka kafa janareto na kilowat 300 don wutar gari, ƙwaya ba ta wadata ba, injinan suka fi dogara da gas na kasuwa.

Wani zai ce ai Indonesiya da Barazil sun yi nasara. Sun yi. Indonesiya ta kai dizal ɗin tsirrai da take gaurayawa cikin gas ɗinta zuwa kashi 35 cikin 100 a 2023, ta ɗaga zuwa 40 a 2025, amma ita ce kan gaba a duniya wajen manja, kuma da harajin fitar da shi waje take cike gibin farashi. Barazil ta fara shirinta a 2004 da niyyar ƙananan manoman zurma su amfana, ƙarshe waken suya na manyan gonaki ne ya riƙe shirin. Duka biyun rarar mai gare su. Mu kuwa manjan da muke nomawa bai ishe mu miya ba, shigo da shi muke yi, kuma litar man gyaɗa ta fi litar gas tsada.

Shawarata gare ka, Alhaji, kada ka ba bini-da-zugu gonarka. Ka zagaye ta da shi, ka bar cikinta ga hatsi. Idan shingen ya girma, kai da maƙwabta ku haɗa ƙwaya ku matse, ku duba ko sabulu ya fi kawo kuɗi kafin ku zuba a inji, don sau da yawa ya fi. Tsohon man suya kuwa shi ne kaɗai cikin biyun da zai iya rage maka kuɗin gas a bana, da sharaɗin ka fara samun otal ko masana'anta biyu ko uku da za su yi maka alkawarin adadi da farashi a rubuce. Ka haɗa kuɗin mai da mitanol da soda da sufuri da lada, ka ƙara kashi 10 a kai saboda dizal ɗin tsirrai bai kai gas ƙarfi ba, lita da lita. In jimlar ba ta yi ƙasa da farashin gidan mai da tazara mai kyau ba, ka bar shi.

In kuma lissafin ya fita, fara da lita ɗaya a kwalba. Ka ɗebi mililita 3 na abin da ka haɗa ka zuba cikin mililita 27 na mitanol ka girgiza. Idan ya narke tas, haɗin ya yi, idan ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, da saura. A inji kuma ka fara da kashi ɗaya cikin biyar gauraye da gas, ka tanadi filta biyu a kusa, domin wannan mai yana wanko dattin da ya daɗe a tanki, kuma yana cin tsohon tiyo na roba. Idan injinka irin na zamani ne mai kwamfuta, sai ka tambayi makanikinka iyakar da kamfanin ya yarda a gauraya kafin ka zuba ko cokali ɗaya.