Alamar kunne mai na'ura ko tsohuwar lambar ƙarfe: rigimar makiyayan Amurka

Ana ta tambayata wai wacce ta fi tsakanin alamar kunnen shanu mai na'ura da tsohuwar ta ƙarfe a Amurka, to ga yadda nake gani.

Daga 5 ga Nuwamba 2024 ma'aikatar noma ta Amurka ta ce shanun madara da manyan shanun kiwo masu wata 18 zuwa sama, in za su tsallaka wata jiha, dole a maƙala musu alamar da na'ura ke karantawa, lambarta na farawa da 840.

Wajen kuɗi tsohuwar ta ƙarfe ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kyauta ma gwamnati ke bayarwa a da, ita ko sabuwar sau da yawa ka sai alama, in kana so ka karanta ka sai na'ura, mai shanu ashirin shi ne zai ji a jikinsa. Amma fa in cuta ta ɓarke kamar ta haukan shanu a 2003, ta ƙarfe sai an kama saniya an riƙe kanta an goge kashi da laka kafin a ga lamba, a rubuta da hannu, kuskure kam ba a rasawa. Mai na'ura daƙiƙa ɗaya an gama.

Abin da ya fi ci wa ƙananan makiyaya tuwo a ƙwarya shi ne wa zai riƙe bayanan dukiyarsu, kuma wallahi ina ganin suna da gaskiya. Su ne suka matsa har aka watsar da shirin NAIS na gwamnati na bin sawun dabbobi a 2010, a 2024 ma ƙungiyar makiyaya ta R-CALF ta kai ƙara kotu kan sabuwar dokar.

Mai babban garke da ke kai shanu wasu jihohi, mai na'ura ce tasa. Wanda shanunsa ba sa barin jiharsa, ta ƙarfe ta ishe shi sai dai in dokar jiharsa ta ce wani abu daban.